Ranar da Alfadarar Baba Ta Dawo Ita Kaɗai

Shekarar da na yi haihuwar fari na koma gidanmu wankan jego. Aure ya kai ni Rabah, amma gidanmu yana wani ɗan ƙauye ne kusa da Dinawa, a ƙasar Wurno. Bazara ce, ana tsakiyar cirar albasa, kuma shekarar ce da tsoro ya yi yawa a gabashinmu har aka hana hawa babur a hanyoyin ƙauye, aka kuma rufe layin waya. Wanda ya fita ya fita ke nan, ba ka da labarinsa sai ka gan shi a ƙofar gida.

A gidan akwai Baba da Inna, da Yayana wanda nake bi, da matarsa, sai ni da jaririyata.

Sana'ar Baba ɗinkin akumari, wato abin da ake ɗora wa dabba a baya kafin a aza mata kaya. Tun ina ƙarama nake ganinsa a zaure da basilla a hannu. Yakan ɗinka dogayen matasai biyu, ya dandanƙare su da busasshiyar ciyawa har su yi tauri, sannan ya haɗa su ta sama ya bar kwari a tsakiya, don kada nauyi ya taɓa ƙashin bayan dabbar. A ƙarƙashi akan shimfiɗa tsumma mai taushi. Sai majayi, igiyar da ke zagaya ciki ta riƙe akumarin, da wata da ake ratsawa ƙarƙashin wutsiya don kada ya zame gaba idan ana gangara. Baba ba ya ɗinki sai an kawo masa dabbar ya shafa bayanta. Ya ce kowane baya da irin nasa, akumarin aro shi ke kawo miki.

A wurin mahaifinsa ya koya, wanda ya yi fatauci a zamanin da ake tafiya da ayarin jakai da takarkarai, a kai gishiri da kanwa kudu a dawo da goro. Baba ya ce a ayari, mai gyaran akumari ba ya rasa abinci, domin jaki guda ya yi miki a hanya, kayansa sun zama nauyin kowa. Da motoci suka zo aikin ya ragu. Da babura suka cika ƙauyuka sai ya kusa mutuwa gaba ɗaya. Na girma ina ganin tsofaffin akumarai rataye a rufin zaure, ɓeraye suna jan ciyawarsu. Amma da aka hana babur, sai ga mutane suna nemo jakai ko'ina, zauren Baba ya sake cika. Wata rana na ce masa kasuwa ta dawo. Bai ɗago kai ba.

"Ba irin wagga kasuwa nir roƙi Allah ba," ya ce.

Muna da alfadara guda, ja mai dogayen ƙafafu, wadda Baba ya saya hannun wani mutumin Nijar tun kafin a yi mini aure. Ubanta jaki, uwarta goɗiya. A ƙauyenmu babu wata sai ita. Mutane sun yi wa Baba dariya da farko, wai ya sayi dabbar da ba ta haihuwa. Amma tana ɗaukar abin da jakai biyu za su yi nishi da shi, kuma ba ta gajiya da rana. Da gwiwoyin Baba suka soma ciwo, sai ta koma hannun Yaya.

Ran nan Yaya ya fita bayan sallar asuba. Gonarmu ta albasa tana fadama, bakin gulbin Rima, kuma aikinsa shi ne ya kwaso buhuna daga gona zuwa bakin titi, inda motar Goronyo ke lodi. Ina jin su a tsakar gida, Baba yana ɗaura akumari da kansa kamar kullum, yana yi wa alfadarar magana ƙasa-ƙasa. Yaya ya ɗaga asabarin ɗakina ya leƙo, ya ce da jaririyar ta daina hana mutane barci, ya ce zai dawo kafin azahar.

Da hantsi, Inna ta gama yi mini wankan ruwan zafi da ganyen dogon yaro, ina zaune bakin gado ina shan kunun kanwa, sai na ji gudun kofato. Ba irin takun da na saba ji ba ne. Ƙyauren zaure ya bugu da bango. Na leƙa ta asabari, sai ga alfadara ta shigo ta wuce kai tsaye wurin turkenta ta tsaya, jikinta sharkaf da gumi, kumfa a baki, ƙafafunta na gaba duk laka har gwiwa. Babu kaya a bayanta. Akumarin ya karkace gefe guda, igiyoyi suna jan ƙasa. Na tsaya ina kallon zaure, ina jira in ga Yaya ya shigo yana faɗa. Ba wanda ya shigo.

Matar Yaya tana daka a gindin bango. Ita ta fara ganin abin da ban gani ba. Taɓarya ta suɓuce mata ta faɗi.

"Inna," ta ce. "Inna, jini."

A jikin farin buhun da aka lulluɓe akumarin da shi, daga hagu, akwai jini. Ba ɗigo ba ne. Shafe yake, kamar an damƙi wurin da hannu sannan hannun ya zame.

Inna ta juyo ta gan ni tsaye a ƙofa. Ta taho da sauri ta tura ni ciki.

"Koma ɗaka. Mai jego ba ta ganin irin wanga abu, nononki ya ɗauke."

Na koma, amma ban zauna ba. Na tsaya bayan asabarin, ina ganin komai ta tsakanin tsinkayensa.

Baba ya fito daga zaure yana dogara sanda. Ya je ya dafa wuyan alfadarar, ya yi ta yi mata magana har rawar jikinta ta ragu. Sannan ya soma shafa ta, daga wuya zuwa kafaɗa, ciki, cinyoyi, ya ɗaga ƙafafunta ɗai-ɗai. Na gane abin da yake nema, kuma a raina ina roƙon Allah ya sa ya samu. Rauni yake nema. Da ya gama zagaya ta ya ja da baya, sai na san babu. Jinin ba nata ba ne.

Na zauna a ƙasa.

Sai Baba ya koma kan igiyoyin. Ya taɓa majayi, ya ja shi. Ya ɗauko bakin igiyar kaya ya kawo kusa da idonsa, ya zagaya ɗaya gefen ya ɗauko ɗayar.

"Mi kag gani, Malam?" Inna ta tambaye shi.

"Majayi shina nan yadda niɗ ɗaure shi. Igiyar kaya anka yanke, da wuƙa, nan da can."

"Su na, ke nan."

Ba ta faɗi ko su wa ba. A lokacin ba ma kiran sunansu ko a cikin gida.

"Ban ce ba," in ji Baba. "Wanda yay yanke ta ya san inda nauyi ke rataye. Bai taɓa majayi ba. Kuma su ba su sauke ma dabba kaya su sake ta, tahiya su kai da ita. Ina ganin shi yay yanke da hannunai."

Matar Yaya ta matso. Tunda aka kawo ta gidan ban taɓa jin ta yi wa Baba magana kai tsaye ba, sai dai ta durƙusa ta gaida shi ta wuce.

"To Baba, jinin na wa na?"

Baba ya daɗe yana kallon buhun.

"Shi na ban sani ba, ɗiyata."

Kafin a jima gidan ya cika da maƙwabta, don kowa ya ga wucewar alfadarar. Kowa da abin da ya ji. Wata ta ce mutanen fadama sun watse da gudu, an ji harbi ta gabas. Wani ya ce ya ga Yaya da safe yana lodi, bayan nan bai sake ganinsa ba. Wata tsohuwa ta ce an ce an tafi da mutane, sai aka yi mata tsawa ta yi shiru, amma ta riga ta faɗa, kuma duk mun ji. Babu wanda ya gani da idonsa. Duk wanda aka tambaya sai ya ce shi dai gudu ya yi, bai waiwaya ba.

Baba ya sa aka gyara zaman akumarin. Ya nemi wani buhu ya rufe wurin jinin.

"Ina za ka?" Inna ta ce.

"Inda tah hito."

"Da waɗanga guwawun? In an biyo ka, gudu za ka yi?"

"Wa ka son tsoho?" ya ce. "Ku kama ni in hau."

Maza suka yi ta ba shi haƙuri, a jira a ji ƙura ta lafa. Ya ƙi. Ana cikin haka Kawu ya shigo, ƙanen Inna, masunci ne, ya san bakin gulbin nan lungu-lungu. Ya saurari abin da ake ciki, ya tuɓe takalmansa ya rataya a kafaɗa, ya ce shi zai ja linzami. Aka ɗaga Baba aka aza shi kan akumarin da ya ɗinka don buhuna. Alfadarar ta toge a bakin zaure, ba ta son fita. Baba ya sunkuya ya yi mata magana a kunne, sannan ta taka.

Maƙwabta suka watse kaɗan-kaɗan, kowa yana da nasa da bai dawo ba ko wanda yake so ya tsare a gida. Muka rage mu uku da jaririya.

Ban san yadda zan kwatanta wunin nan ba. Rana ta take, iska ko kaɗan babu. Inna ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da ta riga ta share da safe. Da ta gama ta kwashe tukwane masu tsabta ta sake wanke su. Matar Yaya tana riƙe da wayarta tana danna lambarsa, ta kai kunne, ta sauke, ta sake dannawa, alhali ta san watanni ke nan babu layi. Akwai furar da ta dama masa da safe, ya ce ta ajiye sai ya dawo. Tana nan a ƙwarya an rufe da faifai. Duk lokacin da rana ta cim ma ƙwaryar sai ta tashi ta matsar da ita inuwa.

Jaririyar ta tashi da kuka. Na sa ta a nono, ta ja, ta saki, ta ƙara ƙarfin kukan. Na juya ta ɗaya gefen, haka. Abin da Inna ta faɗa ya tabbata, ko kuwa jin da na yi ta faɗa ne ya jawo, ban sani ba. Na shiga kuka ni ma. Inna ta shigo da kwanon kunu ta tsaya a kaina.

"Sha."

"Ba ni iyawa, Inna."

"Ba don ke nic ce ba. Sha."

Na sha. Da na ɗago na ga leɓenta yana motsi. Addu'a take yi tun ɗazu ba ta tsaya ba, ko da take yi mini faɗa.

Da aka kira azahar, lokacin da Yaya ya ce zai dawo, Inna da matar Yaya suka yi alwala suka ta da salla. Ni ina cikin jinin haihuwa, ba halin salla. Ban taɓa jin kewarta kamar ran nan ba. Ina kallonsu suna kai goshi ƙasa, suna da wurin da za su kai abin da ke cinsu, ni kuwa ina zaune da jaririya mai kuka, sai dai in yi ta maimaita sunan Allah a baki.

Bayan salla matar Yaya ta shigo ɗakina. Ba mu saba sosai ba, don an kawo ta ne bayan na tafi Rabah. Ta miƙo hannu ta karɓi jaririyar, ta saɓa ta a kafaɗa tana jijjigawa har kukan ya koma shessheƙa. Ta zauna kusa da ni. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"In an tahi da mutum, ana barin shi ya yi salla?"

Na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai kamar na ba ta amsa.

Duk motsin da aka yi a waje sai mu miƙe. Sau ɗaya akuya ce ta ture ƙyaure. Sau ɗaya wani maƙwabci ne ya zo tambaya ko an ji labari, Inna ta kusa zaginsa. Yanzu kuma tsoron ya zama biyu, don Baba da Kawu ma sun daɗe. Na shiga lissafa hanyar a kaina, daga gida zuwa tsamiyar bakin gari, daga nan zuwa gangaren fadama, in kai su can in dawo da su, in ga ya kamata a ce sun iso. Sai in sake kai su.

Bayan la'asar muka ji hayaniya daga bakin gari, tana matsowa. Muryoyi da yawa ne, ba a gane ko kuka ne ko mene ne. Inna tana tsaye tsakiyar gida, sai kawai ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta zuba wa zaure ido. Ni na fito, ba wanda ya ce in koma.

Kan alfadarar ne ya fara shigowa. A bayanta Yaya ne zaune, ya sunkuya gaba, rigarsa jiƙe da laka, hannunsa na hagu naɗe da rawanin Baba. Kawu yana gefe ya tallafe shi. A ɗaya gefen Baba ne, a ƙasa, kai ba rawani, ya riƙe bakin akumari da hannu biyu yana jan ƙafa. Tun daga fadama da ƙafa ya zo.

Yaya ya ɗago ya dube mu. Fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa toka.

"Inna, lahiya ta lau," ya ce. "Ku ba ni ruwa."

Inna ba ta tashi ba. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Matar Yaya ce ta ruga, kuma maimakon ruwa sai ta ɗauko ƙwaryar furar nan, wadda ta riga ta yi tsami. Ya shanye ta.

Yana kwance a tabarma ana neman amalanken da za a kai shi asibiti a Wurno, ya ba mu labari guntu-guntu. Ya gama lodi ya kamo hanya ta bakin gulbi sai aka ji harbi daga tsallake, sannan ƙarar babura. A lokacin ƙarar babur kaɗai ta isa, don kowa ya san mai gaskiya ba ya hawa. Mutane suka watse. Alfadarar ta firgita ta faɗa wata kwatar ban ruwa, ƙafafunta na gaba suka nutse a laka, ga buhuna sun danne ta. Ya ja, ta kasa tashi. Sai ya zaro wuƙa ya yanke igiyar dama. Yana yanka ta hagu ta yunƙura, wuƙar ta zarce cikin tafin hannunsa. Ya damƙi akumari zai hau, hannun ya zame, ta tafi ta bar shi.

Ya faɗa cikin dogayen ciyayin bakin ruwa ya kwanta, ya matse hannun da hularsa. Yana jin baburan suna wucewa a tsallake, ana kora shanu. Ba su haye ba. Ya ce ya yi niyyar tashi da ya ji shiru, amma da ya ɗaga kai sai duniya ta juya masa. Bai sake sanin inda yake ba sai da ya ji muryar Kawu tana kiran sunansa.

Kawu ya ce alfadarar ce ta nuna musu. Tun kafin su kai kwatar ta kafe, duka da lallashi ta ƙi gaba. Baba ya sauka ya riƙe ta, shi Kawu kuma ya ci gaba, ya tarar da buhunan a cikin laka, ya bi ɗigon jini zuwa cikin ciyawa.

A Wurno suka kwana, aka ɗinke hannun. Ya warke, amma yatsunsa biyu na ƙarshe ba su sake lanƙwasawa ba har yau. Baba kuwa tafiyar nan ta kwantar da shi, gwiwoyinsa suka kumbura kamar tulu, ya daɗe sai an kama shi yake fita zaure. Nonona ya dawo washegari da safe. Albasar da aka iya tsamowa aka shanya, sauran ta ruɓe a kwata. Daga baya muka ji cewa a ƙauyen tsallake ba shanu kaɗai aka kora ba, an tafi da mutane. Da aka faɗa, matar Yaya ta tashi ta shiga ɗaki. Murnarmu ta koma ta ciki, ba mu ƙara yin ta da ƙarfi ba.

Inna ta so a ƙone akumarin gaba ɗaya. Baba ya ce buhun waje ne ya ɓaci, cikin lafiyarsa lau. Yana kwance ya sa aka kawo masa, ya farke lulluɓin ya sa sabo.

Kafin in yi arba'in Yaya ya ce zai koma fadama, sauran albasa tana can tana jiran rana ta lalata ta. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah. Ya ce in bai je ba me za a ci da damina. Ya tafi da hannu a naɗe, yana ɗaure igiya da dama da haƙori. Muka sake zaman jira, kuma ban ji sauƙin wannan zaman ba ko kaɗan, ko da yake ya dawo lafiya. Sai dai ya makara, ya shigo yana masifa. Alfadarar ta ƙi bin hanyar bakin gulbi. Da suka kai mararraba ta kafe, sai da ya zagaya da ita ta tudu, ta cikin gonakin gero, hanyar da ta kusa ninka waccan tsawo. Ya ce gobe sai ta bi ko ta ƙi ko ta so.

Ba ta bi ba, gobe ko jibi. Har na tattara kayana mijina ya zo ya mai da ni Rabah, ta tudu suke zuwa. Duk ranar da Yaya ya dawo yana ƙorafi, Inna takan bar shi ya gama, sannan ta tashi ta ɗebi dusa a ƙwarya, ta ƙara gishiri kaɗan, ta kai wa alfadarar da kanta.